Tawul Ɗaya a Igiyar Shanya

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu kafin Mae Bualoi ta tuna da shanyarta. Jirgin ruwan yamma ne ya makara, ita kuma ta tsaya a gaɓar kogin Mekong tana farautar baƙi, don masaukinta ba ya cika sai da 'yan yawon nan masu goyon jaka. A garinmu kowa ya san ba a barin wanki ya kai duhu a waje. Ta ja tsaki, ta ɗauki kwando, ta bi lungun bayan gida.

Ita fa Mae Bualoi da baƙinta take ci, amma ba ta taɓa daina ƙyamarsu ba. Mutum ya gama gantali cikin zafin nan da riga ɗaya, sannan ya zazzage mata jaka a gaba yana murmushi. Safa mai tsami. Tawul ɗin da bai taɓa bushewa ba tun ranar da aka saye shi. Kuɗin cizo kuwa, daga ƙasa zuwa ƙasa suke yawo da su kamar danginsu. Shi ya sa take da ƙatuwar tukunya a tsakar gida, komai sai ta tafasa. Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne yadda gorar ruwa ɗaya take zaga bakunan mutanen da jiya ma ba su san juna ba. Tir.

Cikin baƙin akwai Marit, wata doguwar Baturiya da ta zo da niyyar wucewa, ta share wuri ta zauna. Ta taɓa hawa ƙauyukan kan dutse da ƙafa, ta dawo tana ba da labari har da ƙwalla. Wai ta tarar da wata tsohuwa a kwance, ba mai zuwa kusa da ita. Tsohuwar ta riƙe mata hannu, ta miƙa mata ragowar ruwan da ta sha, ita kuma don kara ta shanye. Kafin gari ya waye tsohuwar ta mutu. Mae Bualoi ƙazantar kawai ta ji a labarin, ta tofar da yawu ta ci gaba da shara.

Tun daga nan Marit ta daina cin abinci. Wuni take tana barci, ta yi fari fat. Namfon, 'yar Mae Bualoi ɗaya tilo, ita ke kai mata kunun shinkafa, ta zauna wai tana koyon Turanci. Uwar ta sha ja mata kunne kada ta sa bakinta inda baƙo ya sa nasa.

"Haba Mae," in ji Namfon, don haka ake kiran uwa a nan, "mutane ne fa, ba karnuka ba."

Igiyar shanyar tana can ƙarshen fili, tsakanin bishiyoyin ayaba da kwatar da masu kifi ke zuba ƙazantarsu. Mae Bualoi ta fara sauke zannuwan gado tana ninkewa. Sauro na cizonta. Kwaɗi na ta kuka.

Sai kwaɗin suka yi tsit.

Wari ne ya fara isowa. Ta san warin kwatar nan, ta san na aladen maƙwabta. Wannan daban ne. Ƙarni ne irin na mahauta da tsakar rana, gauraye da ɗoyin masai, mai ɗumi, mai maƙalewa a maƙogwaro.

Sai ta ji tsotso. Wani abu na zuƙar ruwan kwata, yana taunawa, yana lasar baki.

Ta leƙa ta gefen zanen gado.

Wani koren haske ne ƙasa-ƙasa, yana kamawa yana mutuwa kamar tocilan mai raunin batir. A cikin hasken akwai kai. Kan mace, gashi ya jiƙe da taɓo ya rufe fuska. Daga wuya zuwa ƙasa babu jiki. Huhu ne ke kumbura yana saɓewa. Hanta na lilo. Hanji ya zubo har ƙasa yana jan laka.

Krasu. Mayyar nan da ke barin gangar jikinta a gado ta fita kiwon ƙazanta. An ce ta yawu take kama mutum.

Ta laɓe a bayan zanen.

Abar ta ƙoshi. Ta taso a hankali, tana ɗiga, ta nufo igiya. Ta wuce wando, ta wuce riga, ta tsaya a kan wani farin tawul na masaukin. Ta goge bakinta. Dama, hagu, har da haɓa, a natse, yadda mai tarbiyya ke yi bayan cin abinci. Wannan natsuwar ce ta fi komai ba Mae Bualoi ƙyama.

Wani abu mai santsi ya hau bayan ƙafarta.

Da ɗuminsa.

Ƙarshen hanjin ne.

Kan ya juyo. Zanen gado kaɗai ke tsakaninsu. Tana jin numfashin yana tura zanen yana janye shi. Yana shinshina.

Ta fizge zanen ta lulluɓa masa, ta zura da gudu. Ba ta bi lungu ba. Shingen lemun tsami ta faɗa, wanda ya zagaye gidan har ƙarƙashin tagar Namfon, don krasu ba ta bin ƙaya, hanjinta zai maƙale. Ƙaya ta yage mata hannuwa da kumatu. A bayanta ta ji abar ta tsaya, tana huci.

A bakin ƙofar kicin ta durƙusa ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Da gari ya waye ta ɗauko tawul ɗin da sanda. Jini ne, da majina, da ɓawon kifi, da abin da ba ya faɗuwa. Maganin sananne ne: in aka tafasa ƙyallen da krasu ta goge baki, bakin matar da ke rikiɗewar ne zai ƙone, dole ta fito. Mae Bualoi har ta gama zargin wata tsohuwa mai sayar da taliya. Ta hura wuta, ruwa ya tafasa, ta tura tawul ɗin ciki.

Ƙarar daga saman benenta ta fito.

Marit ta sauko tana dafa bango. Leɓɓanta sun kumbura sun yi bororo, fatar na saɓulewa. Ga laka a bushe cikin gashinta.

"Mama," ta ce cikin raɗa, "bakina. Me ke damuna?"

Ba ta sani ba. Ko kusa ba ta sani ba. Amma numfashinta warin kwata yake.

Mae Bualoi ta tsamo tawul ɗin, ta cusa mata kayanta a jaka, ta raka ta har cikin jirgin safe ba tare da ta taɓa ta ba. Tausayi ya so ya kama ta, ƙyama ta hana. Ta dawo ta ƙone katifa, ta fasa kofuna, ta wanke ɗakin Marit da ruwan zafi. A ƙarƙashin gado ta tarar da ƙwaryar kwakwa, an shanye ruwanta, da robar zuƙa guda ɗaya tak a ciki.

Ta kira Namfon ta nuna mata.

"Mu biyu muka sha," in ji yarinyar, idonta jajir don kukan tafiyar ƙawarta. "Ta ce ba za ta iya shanyewa ba."

Mae Bualoi ta jefa ƙwaryar cikin wuta.

Damina ba ta ƙare ba Namfon ta fara ture kwanon shinkafa. Ta fara barcin rana. Wata safiya uwar ta tarar da wani tsumma da iska ta maƙale a igiya ya kwana a waje, ya ɓaci da irin wancan abin. Ta ɗora tukunya. Ruwa ya tafasa. Ta tsaya da tsumman a bakin sanda, tururi na dukan fuskarta. Daga ɗaki tana jin 'yarta na juyi a gado, tana kiran Mae cikin barci.

Ta sauke tukunyar.

A ranar ta ɗauki adda ta sare shingen lemun tsamin da ke ƙarƙashin tagar Namfon, ta kwashe ƙayar tas, kada wani abu ya maƙale a hanyar dawowa.

Masaukin yana nan, baƙi na zuwa da jakunkunansu da tsaminsu, suna yaba tsaftar matar gidan. Wankinsu ba ya kai la'asar a waje. Amma kullum da faɗuwar rana Mae Bualoi takan rataya tawul ɗaya a igiya, fari, mafi laushi a gidan. Da safe ta kwance shi, ta kau da kai, ta wanke shi da hannunta.

Da ruwan sanyi.