Gwiwar da Raihanatu Ta Hana

Sunan ƙauyen ya kuɓuce mini. Na san dai kusa yake da Illela, kuma na yi kaka guda a can, gidan wani limami wanda shi ma fuskarsa ta ɓace mini yanzu. Tsufa ya kwashe da yawa. Amma labarin Raihanatu bai tafi ba, ga abin da ya rage.

Wata rana da hantsi tana tsakar gida tana sheƙar gero, kiɗan 'yan kokowa na tasowa daga bayan gari, sai innarta Saude ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Kwana uku ana kokowar kaka, duk an zube sai mutum biyu: wanta Mato, wanda shekara bakwai ba a kayar da shi a filin garinsu ba, da Takama na Bazaga, saurayin da ya riga ya kawo kayan gaisuwa gidansu.

"Ki gaya ma Takama," in ji Saude ƙasa-ƙasa. "Gwiwa guda za ya kai ƙasa, alƙali ya busa, shi ke nan. Wa ya mutu?"

"Inna, ƙarya kike so in roƙa?"

"Ke, rufe min baki! Ba ki ji babanku ba? Ya ce wanda ya kada ɗansa a ƙofar gidansa, kada ya sake tako zaurensa."

Raihanatu ta aje ƙwarya, ta yafa mayafi. Ta iske Takama gindin gawo, bakin fili, yana ɗaura layu a damtse. Ashe maganar ta riga ta isowa ta bakin wata gwaggonta.

"Kwantar da hankalinki, Raiha," ya ce yana murmushi. "Zan durƙusa. Mi ne ne gwiwa guda a kan aurenki?"

"In ka durƙusa, ka hau motonka ka miƙe Bazaga, kada ka waiwayo! Yau ka yi wa fili ƙarya don ka same ni, gobe ni za ka yi wa. Kuma Yaya ba jinjiri ba ne da za a tauna a ba shi."

"In na kada shi fa? Na rasa ki ke nan!"

"Kada shi tukuna in kana iyawa, shampiyon. Sauran ka bar mini."

Da la'asar fili ya cika. Mutane a kan amalanke, a kan katanga, wasu har bisa rassan itace. Makaɗa suka yi wa Mato kirari har muryarsu ta dushe. Na manta tsawon lokacin da suka ɗauka a sarƙe. Na tuna dai ƙarar da bayan Mato ya yi a rairayi. Mutanen Bazaga suka kaure da ihu, 'yan gari suka yi tsit. Takama ya miƙa hannu zai ɗaga shi, Mato ya buge hannun. Mahaifinsu Abarshi ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya fice. Kafin magariba an ɗora kayan gaisuwa a amalanke, an mayar Bazaga.

Raihanatu ta shiga bayan rumbu ta yi kuka har ya ishe ta, ta wanke fuska, ba a sake ganin hawayenta ba. A masussuka mata suka riƙa tsokana: "A matsa, ga amaryar Bazaga!" Ta ce, "Ita ce. Ku miƙo min taɓarya." Wani ɗan kasuwar Ƙonni ya zo da mota neman aurenta, ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ban fita gidanka sai da izininka. Amma ban cewa ina son wanda ba ni so." Rani ya wuce a haka, Mato ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Da damina ta sauka aka yi gayya a gonar Abarshi, samari wajen talatin. Raihanatu ta kawo fura, ta aje gaban wanta. Ya ture ƙwaryar da ƙafa.

"Ban shan furar wadda ta saida ni ga baƙo."

Ta miƙe tsaye gaban kowa. "Saida ka? An roƙa maka gwiwa, Yaya, Takama kuwa ya yarda. Ni na hana! Da yanzu ana maka kirari a gaba, ana dariya a baya, don mutanen nan sun san kokowa, ba makafi ba ne. Aurena na saka don kada a maida kai abin tausayi. To, ci gaba da fushi!"

 Mato ya jawo ƙwaryar, ya sha abin da ya rage a ciki, ya ɗauki hauyarsa.

Ranar Juma'a ya hau moto, wato babur, ya nufi Bazaga. Ya dawo da Takama a baya, bai tsaya ko'ina ba sai gindin darbejiyar da Abarshi ke zama da dattawa.

"Baba, ga wanda ya kada ni. Ni na kawo shi. In za a kore shi, a haɗa da ni."

Abarshi ya dubi ɗansa, ya dubi baƙon, ya yi ta jan carbi kamar bai ji ba. Can ya ce, "To, tsaye za ku bar shi? Ku shimfiɗa mashi tabarma." Bayan girbi aka ɗaura aure.

'Ya'yana, ku lura. Yarinyar nan ba ta gudu daga gidan ubanta ba, ba ta kuma yarda a gina aurenta bisa ƙarya ba. Ta tsaya kan gaskiya, ta yi haƙuri da abin da gaskiyar ta jawo mata, Allah kuwa ya ba ta mijin, ya bar mata wanta.

Bayan wasu shekaru na bi ta Bazaga, na tambayi Takama da bakina ko sun sake karawa. Ya ce sau uku. Biyu shi ya kayar, guda Mato ya ɗaga shi ya buga da ƙasa. Na tambayi mutanen da suka halarta, suka tabbatar mini. Kuma wannan gudan, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce kyauta aka ba shi ba.