Haƙorin da Ya Yi Shiru

A shekarun da ake ta kwaso ofisoshin gwamnati daga Legas zuwa Abuja, an yi wata yarinya 'yar aji biyar a wata firamare da ke Jabi. Babanta mutumin Zariya ne, yana da shago kusa da tashar mota. Yarinyar tana da ƙoƙari, wannan ba musu. Halinta guda ne ya ɓata ta: ba ta son ta ji an yabi kowa in ba ita ba.

Ana nan sai aka kawo sabuwar ɗaliba ajinsu, sunanta Rumaisa. Ofishin babanta aka dawo da shi daga Legas. Rumaisa ta iya Turanci, ga fara'a. Kafin a ce me, malamar ajin, Malama Zulai, ta fara cewa, "Ku tafa wa Rumaisa!"

Duk sanda aka tafa, sai yarinyar nan ta ji kamar an mare ta.

Wata rana Malama Zulai ta ce za a yi bikin buɗe sababbin azuzuwa, manyan baƙi za su zo. Ta zaɓi yarinyar ta yi jawabin maraba da ka, rabi da Turanci, rabi da Hausa.

"Ke ma Rumaisa ki haddace," in ji Malama. "In wani abu ya hana ta, ke za ki yi."

"Ba abin da zai hana ni, Malama," yarinyar ta faɗa tana hararar Rumaisa.

Alhali kuwa akwai. Haƙorinta na can ciki ya yi rami, saboda alewar shagon Abba da take tsotsa ba ta goge baki. In ta sha abu mai sanyi sai ya soke ta har cikin kunne.

Ran nan da aka fita tara, ta sayi ƙanƙarar zoɓo. Tana kai ta baki ta yar, ta dafe kunci. Rumaisa ta gani.

"Ƙawata, haƙori ne? Ki gaya wa Ummanki a kai ki asibiti."

"Wa ya ce miki ni ƙawarki ce? So kike a kwantar da ni ki karɓe jawabin. Na gano ki!"

Rumaisa ta juya, ta wuce.

A gida, yarinyar ta ɗebo kanumfari a kwanon kayan yajin Umma, ta cusa a ramin. Zafin ya ɗan lafa, ya sake dawowa.

"Me ya sa kike tauna da gefe guda?" Umma ta tambaye ta.

"Ba komai, Umma."

Haka ta yi ta cije baki, ita ala dole ba za ta bar wa Rumaisa fili ba.

Sai wata safiya ta tashi ta ji shiru. Ta sha ruwan randa, ba zafi. Ta taɓa jin mata suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Ta daka tsalle.

"Tsutsar ta mutu!"

A makaranta ta sayi ƙanƙara, ta je gaban Rumaisa tana gurgura da gayya. "Kin gani? Ta Allah ba taki ba."

Murna ta koma ciki ba da daɗewa ba. Haƙorin ya fara yin duhu. Ta riƙa jin kamar ya fi sauran tsawo, in ta tauna abu a kansa sai ya amsa. Wani ɗan ƙurji ya fito a dasashinta, bakinta ya soma ɗaci da wari. Duk da haka ta ƙi faɗa.

Ana gobe biki, ta tashi da zazzaɓi. Kuncinta ya kumbura kamar ta ɓoye lemo a baki.

"Innalillahi!" in ji Umma. "Tun yaushe kike ɓoye mana wannan?"

Abba bai buɗe shago ba ranar. Ya kai ta wurin likitan haƙori a Garki, wani mai suna Dakta Edward. Likitan ya ɗan ƙwanƙwasa haƙorin, ta yi ƙara. Ya ɗauki hotonsa, ya ɗaga a haske.

"Amma likita, ai ya daina ciwo," ta faɗa da ƙyar. "Tsutsar ta mutu."

Dakta Edward ya yi murmushi. "Babu tsutsa, yarinya. Ƙwayoyin cuta ne, ƙanana da ido ba ya gani. Sun shiga ta ramin nan har suka kai ga jijiyar haƙori. Ciwon da kika ji da farko, jijiyar ce take neman taimako."

"To me ya sa ya daina?"

"Don jijiyar ta mutu. Su kuwa ƙwayoyin suna nan da ransu. Suka bi saiwar haƙorin suka gangara, suna ta yawa, har suka tara mugunya a ƙasa. Ga ta nan, wannan baƙin wuri a hoto. Ita ta kawo kumburi da wari da zazzaɓi."

"Oga likita, cirewa za a yi?" Abba ya tambaya.

"A'a, Alhaji. Amma da an ƙara jinkiri, da sai cirewa."

Ya yi mata allurar kashe zafi. Ya buɗe haƙorin, ya fitar da mugunyar, ya wanke cikin saiwar da wasu ƙarafa sirara kamar allura. Ya ba ta magani, ya ce ta dawo a cike ramin.

"Zan iya yin jawabi gobe?"

"Da wannan kunci? Ina!"

Ta fashe da kuka. Ba zafin allura ne ya sa ta kuka ba.

Washegari zazzaɓin ya sauka. Ta roƙi Umma, suka je bikin. Ta zauna a gaba, ta rufe kuncinta da ɗankwali. Rumaisa ta hau mumbari. A ranta yarinyar ta ce, "Allah ya sa ta manta."

Rumaisa ta gama ɓangaren Turanci tsaf. Da ta shiga na Hausa, wurin gaishe da manya, sai ta kakare. Wuri ya yi tsit. Idanunta suka cika da ƙwalla.

Ga abin da yarinyar ta roƙa ya faru. Amma ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Kunya ta ji, da tausayi.

Ta janye ɗankwalin, kowa ya ga ƙaton kuncin. Ta dubi Rumaisa, ta motsa bakinta a hankali duk da ciwo: "Iyayenmu... sannunku da zuwa..."

Rumaisa ta kama. Ta ƙarasa jawabin har ƙarshe, ba ta ƙara tsayawa ba. Tana saukowa ta rungume yarinyar.

"Wayyo kuncina!"

"Sori, sori!" Suka kwashe da dariya, har Malama Zulai.

"Ki yafe mini, Rumaisa," in ji yarinyar. "Na yi miki mugun zato."

"Ya wuce. Jibi ni zan raka ki wurin likita."

A hanyar gida Umma ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, ki riƙe abu biyu. In kina ciwo ki faɗa da wuri, ko da ya yi shiru, don shirun haƙori ba warkewa ba ne. Sannan ki bar hassada. Mai yin ta take fara ci."

"Na bari, Umma," in ji yarinyar. Kuma ta bari ɗin.