Gonar Kwatance

Ranar da Barira ta fara ganin Badaru, a durƙushe yake cikin gyaɗar mahaifinta a Toranke, yana leƙa ƙarƙashin ganye kamar mai neman allura.

"Malam, me ka yar?" ta tambaye shi.

Ya ɗago yana dariya. "Ban yar da komai ba. Yanzu dai na tsinci wani abu."

Ɗan Gafasa ne, yana digiri na biyu a jami'a kan kuturtar gyaɗa. Ita kuma malamar firamare ce a Gaya, hutu ya kawo ta gida. Kafin daminar 1975 ta yi nisa, ya zama ɗan gida. Malam Gwadabe, mahaifinta, ba ya cin tuwo sai ya ce a ajiye na "likitan ganye".

Wasiƙunsa kuwa ba sa yankewa: "Sanyin idona, yau na ƙirga tushe ɗari uku, na ɓata lissafi sau biyu. Laifinki ne."

A shekarar cutar ta sauka. Gonar Malam Gwadabe ta ƙanƙance ta yi rawaya, ko irin baɗi bai samu ba. Tsohon ya ce ƙaddara ce.

Da kaka Badaru ya kawo wa Barira rahotonsa ta kwafe masa, don rubutunsa sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa. Tana cikin kwafa ta iso shafi na tara: gonaki uku an ce wa masu su su yi shuka da wuri, su matse ta kusa da juna, sun kuwa tsira. Ta huɗu ita ce ta kwatance, an bar mai ita ba a ce masa komai ba. Ga sunan babanta nan a rubuce.

Da Badaru ya zo karɓa, a zaure ta tare shi.

"Ka san maganin, Badaru?"

"Barira, ƙa'ida ce. In babu gonar da aka bari, masu jarrabawa ba za su yarda da sakamakon ba."

"Ka ci tuwonmu damina guda, bakinka a rufe? Da ɓarawo ne ya kwashe gyaɗar, da ya fi mini sauƙi."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, da hannunsa ya miƙo mata takardar, ko a jikinsa. Ta gaya wa mahaifinta. Malam Gwadabe ya ce, "Ashe ni ma darasi ne. Kada ya sake tako mini ƙofa."

Wasiƙa shida ta mayar wa Badaru a rufe. Ta yi kuka, don har lokacin tana son sa, kuma tana jin haushin kanta a kan hakan.

Jami'a ta nemi sakamakon damina ta biyu. Kafin ruwa ya sauka, Badaru ya tsaya a kasuwar Ajingi ya faɗa wa kowa maganin, ya kuma faɗi abin da ya yi wa Malam Gwadabe. Gonar kwatance kuwa, tasa ya ba da, wadda ya gada a Gafasa. Ya zuba ido tana kuturcewa.

Malam Gwadabe ya hau keke ya je ya gani da idonsa. Da ya dawo ya ce wa Barira, "Yanzu ya san abin da na ji. Sauran magana taki ce."

Da Badaru ya zo, ba ta yi masa murmushi ba. "In wata rana ka hango abin da zai cuce ni fa?"

"Zan faɗa miki tun kafin ki yi shuka, ko da zai ja mini faɗuwa."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure. Malam Gwadabe ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Kai kuma, 'yata ba gonar gwaji ba ce."