Burodin da Nadim Ya Zubar

A kicin ɗin Kaka Wadad, nan Lakemba cikin Sydney, akwai wata jakar yadi rataye bayan ƙofa. Nan busasshen burodi ke taruwa, ran Lahadi a soya shi, a kwarara masa kindirmo da wake a karya kumallo. Tsohuwar ta sha yunwar yaƙi a Labanan, ko gutsure ya faɗi sai ta ɗauka ta sumbata ta kai goshi.

Ranar da Nadim ya zo da iyayensa neman auren jikarta Rawan, rawar kai ta ɗebe shi ya shiga taya kwashe kwanuka. Haifaffen nan ne, bai san wata yunwa ba. Ya latsa jakar ya ji ƙamas, kawai ya juye ta a kwandon shara. Ashe Kaka na tsaye bayansa.

Baƙi na fita ta dubi Rawan. "Mai zubar da burodi don ya kwana biyu, ke ma kina kwana biyu a hannunsa kwandon zai kai ki. Ban ba shi ba."

"Kaka, wallahi taimako ya yi niyya..."

"Na gama magana."

Rawan ta nufi mahaifinta tana kuka. "Baba, ka sa baki mana."

"Uwata ce, Rawan. Ni kaina a kan ɓawon burodi na sha duka."

Ba inda za ta kuma kai ƙara. Tana son Nadim kamar ranta, amma hannun Kaka ne ya raine ta. Ta rame, ta daina ɗaga wayarsa.

Wata Lahadi da safe aka tsinci kwano a bakin ƙofa, busasshen burodi ne soyayye da kindirmo, rabi ya ƙone. Nadim ya ajiye ya tafi. Kaka ta harari kwanon. Mayarwa ba hali, zubarwa kuwa ba ta iyawa, dole ta zauna ta cinye tana tsaki.

Haka aka yi Lahadi bakwai.

A ta takwas Kaka ta ture cokali ta dubi Rawan. "Kira mini sakaran nan. Ya isa haka da ƙona abincin Allah, ya shigo in koya masa."

Da ya shigo yana sunkuyar da kai, ta ciro jakar ta danƙa masa. "Riƙe. Ita ma Rawan haka za ka riƙe ta."

'Yan uwa, wanda ya yi haƙuri da tsofaffinsa bai yi asara ba, kuma so na gaskiya ba ya raina abin da ya kwana biyu.