Nonon Lesieli

"Nonon jikana za ki kai wa ɗiyar tsohon saurayinki?!"

Lesieli ba ta ɗago ta dubi uwar mijinta ba, ta ci gaba da matsa nononta a kwalba.

"Jikanki yana kabari, Mama Tupou. Wannan kuwa tana numfashi."

"Ga tabarmar makokin mijinki ɗaure a ƙugunki bisa al'adar tsibirin nan, marar kunya! Teku ta cinye mini ɗa, ke kuma kina sintirin asibiti! Malia ta gaya mini komai!"

Malia dai maƙwabciyarsu ce. Tun ranar da matar Siosaia, tsohon saurayin Lesieli, ta rasu wajen haihuwa take kai masa dafaffiyar doya, tana rangwaɗa.

Jaririyar da aka bari kuwa, wata shida da 'yan kwanaki ta faɗo, ko kilo ba ta cika ba. Ba ta iya tsotso, sai ta siririn bututu a hanci, ɗigo-ɗigo. Madarar gwangwani ta kumbura mata ciki har likita ya hana. Aka gwada jinin Lesieli, aka ce nononta ya yi.

Sai ga ƙwanƙwasa. Siosaia ne, ƙaton ɗan wasan ƙwallon rugbi, rigarsa a buɗe, don a ƙirjinsa yake ɗumama 'yar.

"Lesieli... sikeli ya motsa. Ta ƙaru!"

Kwalbar ta kusa suɓuce mata.

"Rantse!"

"Har ta kama mini yatsa, masoyiyata."

"Masoyiyar wa?" Tupou ta zabura. "A gidan ɗana?!"

Ya durƙusa. "Mama, idan ta fita makoki, dangina za su zo neman aurenta da tabarmi da alade. Na taɓa sakaci aka riga ni. Ba zan sake ba."

Tupou ta juya kan surukarta. "Zaɓi! Ko gidan nan, ko abar nan mai kama da ɗan tsako, da ba lallai ta ga Lahadi ba!"

Lesieli ta rufe kwalbar da kyau, ta cusa a rigarta.

"Za ta ga Lahadi. Za ta ga bikina ma, ta yi miki fitsari a cinya."

"Lesieli!"

"Tashi, Siosaia. 'Yata na jin yunwa."

Ta ja ƙofar garam, har hoton Sarki ya karkace a bango.