Maijego a Kujerar Baya

Rana ta faɗa bayan gidajen unguwar Zariya da ke Maraɗi, amma zafin da ta wuni tana zuba wa garin bai bi ta ba. Yana nan kwance a jikin bango da simintin tsakar gida. Hajiya Atika tana bakin murhu tana tuƙa tuwon hatsi, autarta Tahira tana kaɗa miya a gefenta. Ɗanta na fari, Shamsu, yana kishingiɗe a tabarma ya kafa wa wayar salula ido, kamar yadda ya wuni tun safe. Ladanin unguwa ya fara gyaran murya.

Salular ta yi 'yar ƙara, kamar an taɓa kofi da cokali. Shamsu ya yi murmushi. Kafin ya ɗago kai, dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin Hajiya, ya gangaro a hankali, ya dira kusa da murhu.

"'Yan banzan yaran unguwar nan," in ji Hajiya. "Kai, leƙa ka gano mini su."

Shamsu ya leƙa. Titi fayau, ko akuya babu. Tahira ta sa hannu ta ɗauki dutsen, sai ta yar da shi da sauri tana yarfe yatsu.

"Inna, da zafi yake. Kuma a jiƙe."

Hajiya ta duƙa ta shinshina. Warin dafaffen ganyen dogon yaro ne, irin wanda ake zuba wa maijego a ruwan wanka. Ita da ta yi jego ba sau ɗaya ba, ba ta buƙatar a gaya mata. Ta miƙe ta koma kan tuƙinta. Salular ta sake ƙara. Dutse na biyu ya faɗo.

Asalin maganar mota ce. Marigayi Maman Lawali, mijin Hajiya, ya bar wata tsohuwar Pijo fara wadda ya yi rayuwarsa yana jigilar kaya da ita tsakanin Maraɗi da bakin iyaka. Da ya rasu aka tura ta lungun bayan ɗakin girki, aka lulluɓe ta da tanti, aka ɗaure. Shekaru suka bi ta kanta, ba wanda ya ɗaga. Sai Shamsu ya zo da labarin wani shafin gwanjo a intanet, inda ake sa hotunan mota, mutane daga Yamai da Damagaram har da Kano su yi ta tayawa, wanda ya fi kowa tayi lokacin da aka rufe shi ne ya saya. Ya ce irin wannan tsohuwar ma yanzu nemanta ake ruwa a jallo. Hajiya ta yarda, don motar gado ce, kuma ta tare wuri. Abu guda ta ce: ya bari ta dawo daga suna a Jiratawa tukuna.

Bai bari ba. Kowa ya san wurin da ya daɗe a rufe, rumbu ne ko ɗaki ko rijiya, ba a afka masa haka nan. Da hantsi ake zuwa, a yi sallama, a yi bisimilla, a ce in da mai zama a ciki ya gyara, a ba shi lokaci. Shamsu ya san wannan sarai, da shi aka yi lokacin da aka buɗe rumbun kakansa. Amma a tunaninsa wannan zancen ginin laka ne, mota kuwa ƙarfe ce da ta fito daga ƙasar Turawa, wa zai zauna a cikinta? Sai ya zaɓi almuru, wai hasken yamma ya fi yi wa fenti kyau. Ya yaye tantin gaba ɗaya, ya wangale ƙofofi huɗu, ya zura hannu yana ta walƙa wa kujerar baya fitilar salula ta kowane gefe. A daren ya watsa hotunan ga duniya.

Duk ƙarar da salular ke yi, wani ne ya ƙara tayi. Hajiya ce ta fara lura cewa kowane tayi da dutsensa. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar rana ta yi ja, duwatsun da suka taru na wunin sai su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana ƙirga abinsa. Maƙwabta suka hau katanga da tocila, ba su ga kowa ba. Kajin gidan suka daina kwana a akurkinsu da ke kusa da lungun. Wata magariba, tsakanin kiran salla da tayarwa, lokacin da unguwa ta yi tsit, suka ji kukan jariri daga ƙarƙashin tantin, siriri, mai shaƙewa, sannan muryar mace tana rarrashi can ƙasa-ƙasa.

"Kyanwa ce ta haihu," in ji Shamsu.

"Kyanwa ka taɓa jin tana waƙa?" in ji uwar.

Washegari da yamma aka nemi Tahira aka rasa. Hajiya ta duba ɗaki, ta duba kewaye, ta aika gidan ƙawayenta na makarantar lise. Ƙafafunta ne suka kai ta lungun, zuciyarta ba ta so. Tantin a ɗaure yake yadda Shamsu ya mayar da shi, ƙullin igiyar ta waje. Ta kwance, ta yi sallama, ta ɗaga. Tahira tana zaune a kujerar baya, ta naɗe ƙafafu, ta rufe kanta da zane, hannayenta a ƙirji kamar mai rungume da wani abu. Gumi ya jiƙa ta sharkaf.

"Auta. Fito mu tahi ɗaki."

"Ki sakaya mini," in ji wata murya daga cikin zanen. Ba muryar Tahira ba ce. Ta girme ta, ta fi ta kauri, kuma a gajiye take. "Suna kallona. Har yanzu suna kallona."

Sai da maza uku suka ɗauko ta, aka bar tantin a yaye. Daga ranar yarinyar ba ta ƙara kiran uwarta Inna ba. Ta tattara duk zannuwan ɗakin ta lulluɓa, cikin wannan zafin bazara. Abinci ba ta ci, kunun kanwa kawai take karɓa, shi ma sai yana tururi. Aka kai ta likita, aka auna, aka ce babu zazzaɓi, babu komai. Idonta ya zurma, wuyanta ya zama kamar kara. A daren Alhamis muryar ta yi magana guda, a fili, ba ihu:

"Ranar da ɗakina ya bar gidan nan, wanga jiki ne ɗakina. Ba ni fita kuma."

Gwanjon kuwa ranar Juma'a da magariba zai rufe.

Hajiya ta tsare ɗanta a zaure. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, amma in ta ce "kai" ya san nauyinsa.

"Kai, ka cire motar nan daga wurin mutanen nan."

"Inna, ba ya yiwuwa. In an fara tayi ba a janyewa, doka ce. Za su rufe mini suna, su rubuta ni cikin macuta, kowa ya gani. Ni da nake son in riƙe sana'ar nan."

"To riƙe. Ƙanwarka tana ɗaki tana shayar da abin da ba mu gani."

Da asuba ta hau mota zuwa Tsibiri. Kafin la'asar ta dawo da Malam Idirisa, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Bai tambayi yarinyar ba tukuna. Ya ce a kai shi lungun. Ya tsaya nesa da motar, ya yi sallama, ya kasa kunne kamar mai jiran amsa. Sannan ya juyo ya dubi Shamsu.

"Da ka zo buɗewa, haka ka yi?"

Shamsu ya sunkuyar da kai.

Rana ta yi ja. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, aka zaunar da Tahira cikin tulin zannuwanta, Hajiya ta riƙe ta ta baya. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Salular da ke hannun Shamsu ta fara ƙara a jere, don masu tayi sun ga lokaci ya ƙure, kowa na son ya zama na ƙarshe. Duwatsu suka ɓarke a kan kwano kamar ƙanƙara. Wuta ta ɗauke a gidan kaɗai, alhali fitilar maƙwabta na ci. Jikin yarinyar ya sanƙare a hannun uwarta, zafinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Ya isa, Malam! Kana ƙona mini ɗa!" in ji muryar nan daga cikin zannuwan.

Malam ya dakata. "Ke wace ce?"

"Sunana ba ya yi maka amfani."

"Musulma ce ke?"

"Da sallar mai motar nake tashi tun yana raye. Da ya tahi na ga wuri rufe, ba mai so, na shiga. Na taɓa kazar gidan nan? Na taɓa firgita yaro? Ku tambaye ta, ga ta nan."

Hajiya ta girgiza kai. "Ba ki taɓa ba."

"Kwanana kaɗan da haihuwa, ina zaune ba ko zane a kafaɗata, wanga yaro ya yaye mini rufi da almuru, ya watsa mini wuta a ido. Na ce ya wuce. Ashe bai wuce ba. Ya ɗauki ɗakina ya rataye a kasuwa. Dare da rana maza na leƙowa, ina jin idanunsu a bayana, suna jawo kujerar kusa da fuskarsu da yatsa, suna taya inda nake kwance da ɗana. Ke Hajiya, da aka yi miki haka kina jego, mi za ki yi?"

Hajiya ta sauke ido ƙasa. Duwatsun suka tsaya.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Ban zo in ce ba a yi ba. Amma wadda kika kama ba ita ta yi miki ba. Mi kike so ki sake ta?"

"Jini. Baƙar akuya a bakin lungun."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Kin ce kina salla, kin san wannan."

"To a bar mini motar har abada."

"Dukiyar marayu ce. Ba taki ba ce, ba tawa ba ce da zan ba ki."

"To yarinyar ta zama tawa."

Malam bai yi gardama ba, ya koma karatu. Tahira ta gantsare, wata ƙara ta fito daga bakinta haɗe da kukan jariri, Hajiya ta ƙanƙame ta tana jin ƙasusuwan bayanta suna motsi ƙarƙashin hannunta.

"Tsaya! Tsaya, na ji! A rufe idanun nan. A sauke ɗakina daga kasuwa yanzu, a mayar mini da rufina, a bar ni in cika arba'in. In na cika zan kwashe nawa in bar muku gida."

"Kin rantse da wanda ya halicce ki?"

"Na rantse. Amma in ladan ya kira salla ana kallona, an sayar da ni ke nan, rantsuwa ta warware."

Duk suka juya ga Shamsu. Hasken salular ya haske fuskarsa, tayi na ta hawa, lokacin da ya rage yana ta zubewa a gaban idonsa. Babban yatsansa yana saman wurin janye motar daga gwanjon. Daga masallaci aka ji ladan ya hura lasifika.

"Shamsu," in ji Hajiya.

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya danna. Shafin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya gargaɗe shi da abin da zai biyo baya. Ya sake dannawa. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya goge, har waɗanda ke cikin salular. Sannan ya ruga lungun ya ja tantin ya rufe motar ruf, yana sallama yana ba da haƙuri cikin kuka.

Ladan ya ce Allahu Akbar. Tahira ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki gaba ɗaya ya zube a ƙirjin uwarta. Can ta buɗe ido, ta dubi tulin zannuwan.

"Inna, zafi nake ji. Wa ya lulluɓe ni haka?"

Hajiya ta share mata gumi. Ta dinga yaye zannuwan ɗaya bayan ɗaya tana shafa mata kai.

Shafin ya rufe sunan Shamsu a daren, masu tayi suka bi shi da zagi. Bai yi ƙorafi ba. Makonni suka wuce, ba wanda ya bi ta lungun in rana ta karkata, kuma Hajiya ta hana a ɗaga murya a gefen nan na gidan. Tahira ta koma cin abinci, ta koma lise, amma uwar ba ta yi barci mai nauyi ba, don alkawarin irin waɗannan sai an ga cikarsa.

Wata yamma Hajiya tana alwala a tsakar gida ita kaɗai, sai ta ji ƙarfe ya yi 'yar ƙara a lungun. Ta waiga. Bayan motar yana ɗagowa a hankali ƙarƙashin tantin, kamar yadda mota ke yi in fasinjoji sun sauka. Iska mai ɗumi ta ratsa tsakar gidan ta wuce dab da kafaɗarta. Labulen zaure ya ɗaga, ya tsaya a sama daidai wucewar mai goyo, sannan ya sauka.

Hajiya ta ajiye butar alwala. Ta dubi ɗakin da Tahira ke karatunta, ta ji muryarta tana bitar darasi, muryarta ta gaskiya. Sai ta juya ga zauren, ta ce a hankali:

"Sauka lafiya. Allah ya raya."