Ɗakin da Babu Muryarta

Ranar da ta fara shigowa, ba kowa a zauren nunin sai shi da wayoyinsa.

Mai gyaran rediyo ne, ba ya son magana. A zauren ya haɗa ɗaki irin wanda ya tashi a ciki, ya sa wa kayansa sauti. Ka taɓa tukunya, ka ji ƙarar murfi. Ka tura ƙofa, ka ji takun mace yana nisa. Mahaifiyarsa ta fita yana ɗan shekara biyar, ba ta dawo ba. Komai na ɗakin yana da sauti, muryarta ce kawai babu, don ya manta ta.

Ita nas ce, ta biyo daga aiki. Sau uku tana tura ƙofar.

"Malam, matar ba ta magana ne?"

"Ba ta yi. Mahaifiyata ce."

"Ashe gadon shirun ka yi," ta ce tana dariya.

Daga ranar ta riƙa zuwa, ta laƙaba masa Shiru-shiru. Da maganar aure ta taso, babanta, tsohon direba, ya ce sam. "Yaron da ke hira da tukwane? Ga likita yana binki, ke sai wannan?"

Sai kuma ya tafka kuskure. Wata rana ta kira shi, "Zo ka ci kafin ya huce," rakodarsa tana kunne. Ya ɗauki muryar ya haɗa da matashin kai, bai tambaye ta ba. Da ta taɓa matashin ta ji kanta, sai ta ɗauki jakarta ta fice.

Saƙonta ya shigo: "Shiru-shiru, mata kake nema ko uwa? Ba zan iya zama ita ba. Kar ka neme ni sai ka san amsa."

Kwana tara yana zaune shi kaɗai yana danna matashin. A na goma ya sa almakashi ya yanke wayar matashin.

Ya rubuta: "Na cire. Gurbinta nata ne, haka zai zauna. Ke nake so, da surutunki duka. Ki yafe min, Nas ɗina."

"Na yafe. Saura Baba. Kuma da bakinka."

Ya je ya durƙusa a gaban babanta.

"Ina mahaifiyarka?" tsohon ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba. Na dai san yadda gida yake idan an fita an bar shi. Ba zan yi wa kowa haka ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure mutanensa uku ne kacal, kawunsa da abokan shago biyu. Baban amarya ya lura. Ya taso ya bar nasa taron, ya zauna a gefen ango, ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana. Daga yau gidana gidanka ne. Amma ka riƙa ɗaga murya in za ka yi sallama, kunnena ya fara tsufa."